Ranar da Malam Dakata Ya Ƙi Laburarensa

Da sunan Allah Mai rahama, wanda ya ba mu aron rai, ya kuma ɓoye mana ranar karɓa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Shugaban wannan zama. Shugabar makarantar koyon kwamfuta da malamanta. Shugaban ƙungiyar masu rubuta manhaja. Likitocin asibitin unguwa da na hango sun maƙale can baya. Inna, mahaifiyar marigayi, uwarmu baki ɗaya. Maman 'Yan Biyu, matarsa, da 'yan biyun kansu. Ƙannensa da surukansa. Ɗalibansa na ɗakin sama. Maƙwabta da abokan arziki. Assalamu alaikum.

Na ga tambaya a fuskokinku, bari in riga ku. Ga masu digiri jere a kujerun gaba, me ya kawo kafinta gaban lasifika? Ni ma na tambaya. Ni da makaranta mun rabu tun ina ƙarami, cikin mutunci, ba wanda ya yi kewar wani. Amma Maman 'Yan Biyu ta ce marigayi yakan ce ni kaɗai nake sa shi dariya har sai ya cire tabarau ya share ido, don haka ni take so. Mai takaba ba a yi mata musu. Wannan takarda kuwa Auta ce ta buga mini, 'yata, ɗalibarsa. Inda kuka ji magana ta miƙe sak, aikinta ne. Inda ta karkace kamar teburan da nake yi, nawa ne.

Mu nan unguwar ba mu cika kiransa da sunan yanka ba. Malam Dakata muke ce masa, domin ba ka kai masa zance da gudu bai ɗaga hannu ya ce maka, “Dakata tukuna” ba. Ɗalibai suka laƙa masa, ya ji, ya amsa. Har Inna na taɓa ji ta leƙo tana cewa, “Ina Dakatan yake?”

Ya kasance mutumin da ya mayar da ɗakin da ke saman kantin magani makaranta, ƙofa a buɗe, duk yaron da ya iya hawa matakala ya zama ɗalibi. Ni na yi masa bencuna da teburan ɗakin. Akwai tebur ɗaya da ƙafarsa ta gaza, suka yi ta cusa masa takarda a ƙasa shekara da shekaru. Duk sanda na ce bari in gyara, sai ya ce in bar shi, yana koya wa yara cewa kowane aiki da inda yake ɗingishi.

Ya kasance wanda ya yi mana allon nan na asibiti mai kiran layi, wanda ya raba tsofaffinmu da turereniya a bakin ƙofar likita. Ya kasance wanda ya yi wa makarantar kurame hannayen zane masu motsi a kwamfuta, yara suna kallo suna kwaikwayon maganar hannu. Bai taɓa liƙa sunansa a jikin ko ɗaya ba. Ni kuwa ko kujerar tsuguno na yi sai na rubuta lambar wayata a gindinta.

Amma ba waɗannan aka tsayar da ni in faɗa ba, akwai waɗanda suka fi ni saninsu. Ni labarin gidana zan ba ku.

Da yawanku kun san uwar 'ya'yana, ga ta can a keken guragu kusa da taga. Shugaba nake ce mata, don tun ranar da aka kawo ta gidana mulki ya bar hannuna. Mace ce mai baki. In na yi ƙarya a kasuwa, kafin in iso gida ta shirya gyaran. To, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Allah ya bar mana ita, amma ya karɓi maganar, hannun da ya rage kuma yana rawa.

Jama'a, gidan da aka saba jin faɗa, in ya yi shiru, ba daɗi. Sai ta nuna wani abu da ido, ni kuma in hau canka. Tana son ruwa, in kawo filo. Tana son a juya ta, in kunna rediyo. Wata rana ta yi ta nuna ƙafarta, na zauna ina matsa mata ina ba ta labari, ashe kujerata ce na ɗora mata a kan yatsa. Tun tana harararmu har ta daina. Ta juya fuska bango. A kawo abinci, ta rufe baki. Likita ya ce jikin yana samun sauƙi, amma mu da muke kwana da ita mun san tafiya take yi tana barinmu, a zaune.

Sai Auta ta ce za ta yi mata manhaja a babbar wayar nan mai faɗi da ke gidan, tsohuwa, wadda gilashinta ya tsage a kusurwa. Manyan maɓallai, kowanne da zanensa: kofi, gado, magani. In Shugaba ta taɓa, wayar ta yi magana a madadinta. Na ce madalla, ashe kuɗin makaranta bai tafi a banza ba.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga shago na tarar da ita ta haɗa kai da gwiwa a gaban kwamfuta.

Na ce, “Auta, lafiya?”

Ta ce, “Baba, laburare ne na rasa wanda zan zaɓa.”

Na ce, “Laburare nawa ne a garin da har za ki rasa? Guda ɗaya ne, bayan gidan waya.”

Ta ce, “Baba, ba irin wannan ba,” ta ci gaba da danne-dannenta.

Ni kuwa na ce a raina kunya ce irin ta yaran zamani, ba ta son a gan ta a bayan babur ɗina. Washegari na sa rigata mai kyau, na tafi laburaren gari da kaina. Na sami ma'aikacin, na ce masa, “Ranka ya daɗe, littafin da ke sa hoto motsi nake nema.” Ya dube ni sama da ƙasa, ya shiga ciki, ya fito mini da littafin yara, irin wanda in ka ja wata 'yar takarda a gefe sai kada ya buɗe baki. Na ja, kada ya buɗe baki. Na ce shi ke nan, an gama.

Da shi na hau ɗakin sama, ɗalibai cike, na ajiye a gaban Auta kamar wanda ya kamo ɓarawo. Na ce, “Ga laburare ya zo har inda kike.”

Kai, jama'a. Wani yaro, ga shi can yana sunkuyar da kai, har ƙasa ya faɗo daga benci don dariya. Auta kuwa da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Malam ya ɗaga hannu. “Dakata tukuna.” Ya ɗauki littafin, ya ja takardar, kada ya buɗe baki, ya mayar, ya sake ja. Ya ce wa yaran, “Wa ya taɓa yin motsi mai santsi haka a cikinku?” Na san rufa mini asiri yake yi, shi ma ya san na sani. Sannan ya jawo mini kujera.

Ya ce, “Kafinta, in za ka yi kabad, kai kake ƙera makulli?”

Na ce, “Ina! Saya nake.”

“Ƙusa fa? Gam fa?”

“Duk saya nake.”

Ya ce, “To mu ma haka. Wasu sun riga sun rubuta yadda za a zana maɓalli, yadda zai kumbura, yadda zai zame gefe, suka tara wuri ɗaya, kowa ya ɗiba ya yi gini a kai. Wannan tarin shi muke kira laburare. Babu littafi ko ɗaya a ciki.”

Na ce, “To wa ya hana ku ce masa shagon kayan gini? Da kun hutar da man babur ɗina.”

Ranar ya cire tabarau.

Laburare guda uku ne suka tsaya wa Auta a wuya. Na farko, ita shi take so, don ya iya rawa. Ta nuna mini a kwamfuta: maɓalli yana narkewa kamar ruwa, yana juyi, yana barin inuwa. Ni kaina sai da na tafa. Na biyu ba shi da kwalliya, amma mutane da yawa ne a ƙasashe daban-daban suke kula da shi, in ka yi tambaya a intanet kafin ka sha ruwa wani ya amsa. Na uku kuwa na Malam ne, shi ya rubuta shi da hannunsa, shekaru yana sassaƙa shi. Da shi ya yi allon asibiti, da shi ya yi hannayen kurame.

Ya kasance malamin da ba ya yanke wa ɗalibi hukunci. Ya ce mata, “Kada ki tambaye ni, kada ki tambayi kwamfutar nan mai ƙarfi. Yi maɓalli ɗaya tak da kowannensu, ki sa a tsohuwar wayar, ki kai wa Mama. Yatsanta ne alƙali.” Ya kuma ce motsin ba ado ba ne. Tunda hannunta na rawa, dole maɓallin ya riƙa kumbura a hankali a ƙarƙashin yatsa, sai ya cika sannan ya yi magana. In kuskure ne ta taɓa, ta ɗaga kafin ya cika. In motsin ya yi sauri, jiri zai ɗebe ta. In ya yi tsalle-tsalle, ba za ta san ya ji ta ba.

Aka kai mai rawa. A tsohuwar waya sai ya zama kamar ni a filin biki: niyya akwai, gwiwa babu. Shugaba ta taɓa, shiru. Ta sake taɓawa, shiru. Can sai wayar ta farka ta ce, “Ruwa ruwa ruwa ruwa,” kamar gobara ta tashi, bayanta kuma ya yi zafi har ba ya riƙuwa. Shugaba ta ture ta, ta koma bango. Kyan ɗan maciji ke nan.

Na biyu ya yi aiki, ba yabo ba fallasa. Kumburin a hankali babu shi a ciki, sai Auta ta zauna ta gina da kanta.

Na Malam kuwa, kamar don wayar aka haife shi. Maɓalli ya taso a hankali kamar numfashi. Na ga idon Shugaba ya bi shi. Rabon da in ga idonta ya bi wani abu har na manta.

Auta ta koma ɗakin sama da gudu. “Malam, naka ne! Naka ya ci!”

Ya ɗaga hannu. Kun san abin da ya ce. Sannan ya ƙara da cewa, “Ɗauki na biyu.”

Ta dawo gida tana kuka. Ni kuwa raina ya ɓaci, na hau matakalar nan ko sallama ban gama ba.

Na ce, “Malam, rowa ce ko me? In haya ake biya, faɗa mini, in yi maka gado mai rumfa.”

Ya ce, “Zauna, Kafinta. Tebur mai ƙafa ɗaya, ka taɓa yi?”

Na ce, “Mai ƙafa uku da rabi dai na yi, ga shi kana zaune a gabansa.”

Ya yi murmushi, amma bai cire tabarau ba. Ya ce, “Nawa ƙafa ɗaya gare shi. Ni ne ƙafar. Masu ƙera waya kullum cikin canji suke, in suka canja, laburare ma sai an gyara shi ya bi su. Wancan, in mutum ɗaya ya gaji, akwai wasu. Nawa, in na yi tafiya, wa zai gyara?”

Na ce, “Ina za ka?”

Ya ce, “Inda kowa zai je.”

Na ce, “Haba Malam, ni da na girme ka ban fara haɗa kaya ba.”

Ya ce, “Allon asibiti in ya mutu, ma'aikaci zai fito ya kira suna da baki. Muryar matarka in ta mutu, wa zai fito? Ba na ɗora ta a kan raina ni kaɗai.”

Ko ya san wani abu game da lafiyarsa a lokacin, ban sani ba. Ban tambayi Maman 'Yan Biyu ba, ba kuma zan tambaya ba. Abin da na sani shi ne, mu masu sana'ar hannu, in aka ce aikinka ya fi na kowa, ba ka cewa a je shagon maƙwabci. Ban taɓa yi ba. Shi ya yi, a kan abin da ya fi so cikin duk abin da ya ƙera.

Aiki ya ƙaru wa Auta. Ta yi ta kumbure-kumbure, har ta fi maɓallin. Yana zaune kusa da ita, hannunsa a aljihu, bai taɓa mata kwamfuta ba. In ta ce, “Malam, a naka layi biyu ne wannan,” sai ya ce, “To a wannan ki yi ashirin, ki san kowanne.” A gida kuwa Shugaba tana ta ramewa. Ba zan ɓoye muku ba, kwanakin nan in na gan shi a hanya gaisuwata gajera ce.

Da aiki ya kusa ƙarewa, ƙanwar Shugaba ta zo aka ɗauki muryarta, don muryarsu ɗaya. Ruwa, magani, zafi, juya ni. Malam ya duba ya ce, “Dakata tukuna. Wannan ai maganar majinyaci ce. Kafin ciwo, me Mama ta fi faɗa a gida?”

Auta ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ta ce, “‘Ka cika surutu.’”

Ya ce, “Sa shi. A tsakiya. Ya fi sauran girma.”

Na ce, “Malam, da kai aka haɗa baki?”

Ranar da aka kai mata, da hantsi ne, muna tsaye a kanta, ni da Auta da Malam a bakin ƙofa. Na fara yi mata bayani. Na ce wannan kofi ne, in kin taɓa zai ce ruwa, wannan gado ne, kada ki danna da ƙarfi, ki bi a hankali, ai kin san ni na samo laburaren farko. Ina cikin zuba sai na ga yatsanta ya tashi yana rawa, ya wuce kofi, ya wuce magani, ya sauka a tsakiya. Maɓalli ya taso, ya taso, ya cika.

“Ka cika surutu.”

Jama'a, an zage ni a duniya, amma ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar an ƙwace mini alawa. Ita kuwa gefen bakinta mai lafiya ya ɗaga. Ranar ta ci abinci. Da na waiwaya in yi wa Malam godiya, ya riga ya fice ya tafi.

Sauran kun sani. Ya faɗi a ɗakin sama yana cikin koyarwa, kafin a kai shi asibitin da allonsa ke kiran layi, an riga an kira shi.

Ga abin da ba ku sani ba. Ba a daɗe da rasuwarsa ba tsohuwar wayar ta cika ita ma. Batirinta ya kumbura, ta ƙi kunnuwa. Da safe Shugaba ta taɓa, ta taɓa, shiru. Na ga fuskarta ta fara neman bango. Aka samo sabuwa. Auta, don kewar malaminta, ta fara gwada laburarensa a kai. Allo ya yi baƙi ƙirin. Masu waya sun yi canjin da ya faɗa, mai gyara kuma yana kabari. Ta ɗauko na biyun, wanda ta yi wa kuka. Ashe wasu bayin Allah da ba mu san su ba, ba su san mu ba, sun riga sun gyara shi. Kafin la'asar an ce mini na cika surutu.

Da nasa aka ɗauka, da ranar da muka binne shi mun binne muryar matata tare da shi. Ya hango haka tun yana da ransa, ya ture yabo, ya jure gajeriyar gaisuwata.

Inna, kin haifi ɗa. Mu ba mu da abin da za mu biya ki, sai dai ki sani akwai gidan da kullum aka buɗe baki, da hannunsa a ciki. Maman 'Yan Biyu, duk lokacin da ya ba mu, daga naki ya gutsura, mun sani, ki yafe mana. 'Yan biyu, in kun girma aka ce muku babanku gwani ne, ku ce ba shi ke nan ba. Gwanaye suna da yawa. Shi ya san inda gwanintarsa za ta ƙare, ya yi wa mutane tanadin bayan nan.

Ku kuma 'yan ɗakin sama, har da kai mai faɗowa daga benci, saura ku. Laburaren malaminku yana nan da ƙafa ɗaya, ƙafar kuma ta tafi. Allon asibiti a kansa yake, hannayen kurame a kansa suke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Auta ta ce ta fara buɗe shi, tana neman 'yan'uwa. Ku zame masa ƙafafu. Ni abin da na iya shi ne tebur, kuma na yi alkawari wannan karon duk huɗun za su taɓa ƙasa.

Kun ji Shugaba ko, wai na cika surutu? Daga bakin taga ne. A'a, ku yi dariyarku, shi ma da yana nan da ya cire tabarau. To Shugaba, na ji, na kusa.

Saura abu ɗaya, kuma ba nawa ba ne. Da labarin rasuwarsa ya iso gidanmu, Shugaba ta yi ta shafa wani wuri da babu komai a allon wayar. Na kawo ruwa, na kawo filo, kun san ni. Auta ce ta gane: sabon maɓalli take so. Aka yi ta jero mata kalmomi tana ƙin su da ido, har aka zo kan wadda take nufi. Auta ta zana masa tabarau. Tun ranar ba ta taɓa shi a gaban kowa ba, ta ajiye shi don yau.

Muna gode wa shugaban zama, da duk wanda ya taka ya zo, da waɗanda suka ba kafinta lasifika suka kuma yi haƙuri da shi. Allah ya haskaka kabarin Malam, ya sa abin da ya koyar ya riƙa bin sa da lada, ya ba Inna da iyalinsa haƙurin da ya fi namu, ya raya 'yan biyu a kan halinsa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu bar abin da zai tsaya ba tare da mu ba.

Auta, matsar da lasifikar kusa da mamanki. Jama'a, maɓallin yana ɗan jimawa kafin ya cika, haka shi ya ce a yi shi. Ku dakata tukuna.

“Allah ya jiƙan Malam.”

Amin.